Shirun Malam Bukar a Gaban Kamara

Tun ƙarfe takwas na safiyar Talata Falmata take kokawa da zauren mahaifinta, Malam Bukar. Wanda ya gina zauren bai yi shawara da masu kamara ba, taga ɗaya ya yi masa, ita ma can sama kusa da azara. Ta kafa kamarar nan, buzun Malam ya yi duhu. Ta matsar da ita can, sai ga bangon da ruwan damina ya ɓata. Daga ƙarshe ta buɗe ƙyauren waje gaba ɗaya. Haske ya shigo, ya kuma shigo mata da hon ɗin 'yan adaidaita sahu daga titin Ƙofar Mazugal da muryar mai tallan gawayi. Ta ce a ranta haka nan za a yi.

Falmata ma'aikaciya ce a sashen koyarwa ta intanet na jami'a. Shekara huɗu ke nan tana riƙe hannun manyan malamai har su iya koyar da ɗaliban nesa, waɗanda aiki ko aure ko nisan gari ya hana su zaman aji. Ta sha koya wa farfesa inda ake dannawa, washegari ya kira ta ya ce kwamfutar ce ta sake wuri. Bara ne ta kai wa kwamitin tsangaya shawarar da ta jawo mata wannan rana. Ta ce ɗaliban Larabci na nesa su riƙa samun darasi ɗaya a mako daga malaman zaure na cikin birni, kai tsaye, malami na zaune a kan buzunsa. Shugaban kwamitin, Farfesa Yusuf, ya tambaye ta wace takardar shaida malaman zauren suke da ita. Aka yi 'yar dariya irin ta manya. Bayan wata bakwai ana ɗage maganar, aka ba ta awa ɗaya ta gwaji, yau ƙarfe goma. Kwamitin zai kalla daga ofis, ɗalibai ɗari da talatin da bakwai kuma sun rubuta suna.

Malamai huɗu ta je wa a cikin gari. Kowannensu ya saurare ta, ya yi mata doguwar addu'a, ya sallame ta. Da haka maganar ta dawo kan mahaifinta.

Malam Bukar ya fi shekara arba'in yana karantarwa a wannan zaure, a wurin da mahaifinsa ya zauna bayan sun taso daga Barno. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ya yi wata uku a kwance. Ya tashi, amma harshen ya yi nauyi, ido kuma ya ja baya. Ɗalibansa suka ce kada a wahalar da Malam, suka zame ɗaya bayan ɗaya zuwa wasu zaurukan. Daga nan aka fara raɗe-raɗi a unguwa cewa karatun Malam ya zube. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa. Gaisuwar ce kawai ta canza, ta koma irin wadda ake yi wa majinyaci.

Abin da ya hana Falmata cin abin kari shi ne gwajin da ta yi jiya. Ta kunna kamara ta ce, “Baba, ka yi magana kamar kana darasi.”

Ya dubi abin ya ce, “Da wa?”

“Da kamarar, Baba.”

“To ai babu kowa.”

Ya zauna shiru har minti biyu, sannan ya nemi ruwan sha. Ta ce masa gobe akwai ɗalibai, sun fi ɗari. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ba ta faɗa wa kowa yadda gwajin ya ƙare ba, a gida ko a ofis.

Tana cikin warware wayar kamara yayanta Abubakar ya shigo. Da kayan fita kasuwa a jikinsa, amma da gani ka san kasuwar ba ta gabansa. Ya tsaya a kanta ya rage murya don kada a ji a cikin gida.

“Ke yanzu, Falmata, ba za ki janye wannan abu ba?”

“Yaya, saura minti arba'in.”

“Ya ishe ki ki ɗaga waya ki ba su haƙuri. Kin san abin da ake faɗa a unguwa. Yanzu faɗa kawai ake yi. In ya zauna gaban abin nan naki ya kakare, kafin la'asar an turo min shi a kasuwa.”

“An hana kowa ɗauka, Yaya.”

“An hana! Wa zai tambaye ki in zai ɗauka? Mutum yana ɗakinsa a wani gari da waya biyu.” Ya dube ta sosai. “Kin gwada shi?”

“Na gwada.”

“Ya yi?”

“Ya yi,” ta ce, idonta a kan wayar da take warwarewa.

Abubakar ya daɗe yana kallonta. “Aikinki ne, na sani, kuma ina so ki ci gaba. Amma in ofishinku ya rushe wani za a gina. Shi fa abin da ya rage masa ke nan, a ce Malam Bukar.” Ya fita ya zauna a kan dakalin ƙofar gida, ya ce babu inda za shi sai an gama.

Ƙarya Falmata ta yi masa. Ta san gaskiya ya faɗa, ta kuma san ita ce ta kawo mahaifinta bakin wannan rami da hannunta, don ba ta son komawa gaban kwamiti ta ce ta rasa malami. Tsoro ya kama ta sosai.

Goma saura kwata Malam ya fito daga cikin gida, yana dafa bango. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hular da ya daɗe bai taɓa ba. Falmata ta durƙusa ta gaishe shi, ta maƙala masa ƙaramin makirfo a wuyan riga. Ya zauna a buzu, ya ajiye gafakar littafin a gabansa. Littafin nahawu ne da kakansa ya kwafa da hannunsa, warƙa-warƙa ba ɗinki, da rubutun Barno mai kauri. Tun makon jiya ta ɗauki hoton shafuka uku na farko ta tura wa ɗaliban.

“Sun zo?” ya tambaya.

“Suna shigowa, Baba. Sun kai tamanin.”

“Suna jina?”

“In na ɗaga maka hannu za su ji ka.”

“Ni fa, zan ji su?”

“Sai a ƙarshe, Baba, lokacin tambayoyi.”

Ba ta tsaya a kan tambayar ba, don wayarta ta yi ƙara. Shugaban sashensu ne, Dakta Mikail. Ya ce kwamiti ya zauna, hoto yana fita tas, ta tabbata ta rufe makirfon kowa. Wannan bai buƙaci tuni ba. Ita da kanta ta rubuta ƙa'idojin darasin intanet na sashen, ta farkonsu kuwa ita ce a rufe bakin kowa har malami ya gama. Ta sha ganin yadda kukan yaro ɗaya ko carar zakara ɗaya ke wargaza lakca. Ta rufe kowa, ta kuma ture akwatin saƙonni gefe don kada ya ɗauke mata hankali.

Ƙarfe goma daidai ta gabatar da shi a taƙaice, ta koma bayan kamara ta ɗaga hannu.

Malam ya gyara zama. Ya yi basmala cikakkiya, ya yi salati, ya yi wa malamansa addu'a da malaman malamansa. Muryar ta fita a hankali amma ba ta rawa. Ya kwance gafaka, ya fito da warƙar farko ya ɗora a gwiwarsa. Sannan ya ɗago ya dubi wajen kwamfutar ya ce, “Bismillah.”

Ya yi shiru.

Falmata ta jira. Ta ɗauka numfashi yake tarawa. Agogon da ke kusurwar kwamfutar ya ci daƙiƙa goma, ya ci ashirin. A waje mai gawayi ya sake wucewa. Ƙananan fuskokin ɗalibai suna jere a gabanta, wasu sun matso da kunne, wani yana jijjiga wayarsa.

Malam ya yi gyaran murya. “Bismillah,” ya sake cewa.

Falmata ta taɓa ganin haka a asibiti lokacin ciwon, ya kama kalma ɗaya yana juya ta, ta gaba ta ƙi zuwa. Ta ɗaga masa hannu tana juya shi, alamar ya ci gaba. Ko bai gani ba, ko ya gani bai kula ba. Yana zaune daram, tafin hannunsa a buɗe a kan gwiwa, fuskarsa babu alamar damuwa. Wannan natsuwar ta fi komai tayar mata da hankali, don ta nuna mata bai ma san ya tsaya ba.

Wayarta ta yi zuu a kan tabarma. Dakta Mikail ya rubuto: “Muna ganinsa ba ma jin komai. Daga wajenku ne?” Kafin ta ajiye wani ya shigo: “Farfesa yana duba agogo.”

Minti ɗaya da rabi. A ɗakin karatu wannan ba komai ba ne, amma a gaban kamara ya isa a yi wa mutum hukunci. Inuwa ta rufe hasken ƙofa. Abubakar ne, shirun ya taso shi daga dakali. Ya lallaɓo ta jikin bango ya durƙusa kusa da ita.

“Kashe,” ya raɗa mata.

“Yaya, bari mu ga…”

“Kashe na ce. Me kike jira, sai ya yi kuka?”

Malam ya juya kai kaɗan, kamar ya ji motsi. Ya ɗan ɗaga murya, har da alamar ƙosawa a ciki. “To, bismillah mana.”

Abubakar ya runtse ido. Shi tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya tsere wa zaure ya bi kawunsa kasuwa, kuma ya shigo ne yana jiran faɗuwa, don haka faɗuwa ya ji.

Ƙaramar na'urar intanet tana nan a gefen ƙafar Falmata, fitilarta kore tana ƙiftawa. Dannawa ɗaya, komai ya yanke. A ƙasar nan ba a taɓa ƙaryata wanda ya ce netwok ya ɗauke ba. Kwamiti zai tashi, shirinta ya mutu, Farfesa Yusuf ya ce dama ya faɗa. Mahaifinta kuma ya koma ciki da rigarsa ta Juma'a, ba wanda zai iya rantsuwa cewa ya kakare. Ta yanke shawara. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ta jawo akwatin saƙonni da ɗaya hannun don ta rubuta wa ɗalibai haƙuri kafin ta yanke.

Saƙonni sun cika shi. “Ba ma ji.” “Sauti ya ɗauke.” “Malama a duba.” A tsakaninsu akwai wani da aka turo har sau biyar, daga wani ɗalibi mai suna Anas, malamin firamare a Rano:

“Malama, Malam fa mu yake jira. A buɗe wa wani ya ja masa baƙi.”

Falmata ta karanta sau biyu. Ta ɗago ta dubi tafin hannun nan da ke buɗe a kan gwiwa, irin buɗewar da ake yi wa baƙo in an ajiye masa abinci. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. A gidan nan aka haife ta. Ta girma tana jin zauren nan ta bayan bango, murya biyu kullum, ɗalibi ya karanto kalma biyu ko uku na Larabcin, Malam ya fassara, ɗalibi ya sake jawowa. Malamin zaure ba ya zuba magana shi kaɗai kamar mai lakca. Sai an ja masa yake bayarwa. Bismillar da yake ta yi tayi ce, cewa yake wanda zai fara ya fara. Ita kuwa ta tara masa mutum ɗari da talatin da bakwai ta ɗaure bakin kowa, ta zauna tana jiran ya yi magana.

Ta janye yatsanta daga na'urar. Abubakar ya kama hannun hijabinta. “Me kike yi?”

Ta lalubo sunan Anas a jerin, ta buɗe masa. Lasifika ta yi ƙara, sai ga murya ta cika zauren, da kukan awaki a bayanta.

“Salamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, Anas ne daga Rano. In ja?”

“Wa alaikumus salam,” Malam ya ce, ya juyo gaba ɗaya wajen muryar. “Tun ɗazu nake ta tayi. Na ɗauka kunya kuke ji. Ja, Malam Anas.”

Anas ya ja kalmomin farko. Kafin ya rufe baki fassarar ta fito, da irin Hausar zaure mai bin kowace kalma a sawunta. Ya sake ja, Malam ya sake bayarwa, ya ƙara da dalilin da ya sa wasalin ƙarshen kalmar ya zama haka. Bai ko dubi warƙar da ke gwiwarsa ba. Falmata ta ji hannun yayanta ya saki hijabinta.

A layi na uku Anas ya yi jim, sannan ya karanto, “Fulu…”

“Me?”

“Fulu, Allah ya gafarta Malam.”

“Wake ka kawo mana?” Malam ya ce. “Fulu ai wake ne. Ana maganar malaman nahawu, me ya kawo wake? Ƙaulu ne, magana. Ka saba da bugun inji, shi ya sa. Rubutun Barno ne a gabanka. In ka ga ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ne. Fa ɗigonta a ƙasa yake. Sake.”

Fuskokin da ke kan kwamfutar suka washe, ana ganin dariyar ba a jin ta. Anas ya sake, yana dariya shi ma. Abubakar ya zame ya zauna sosai a ƙasa, ya jingina da bango. Saƙo ya shigo daga Dakta Mikail, kalma biyu: “Ci gaba.”

Minti goma sha biyu abin yana tafiya. Sai muryar Anas ta tsinke a tsakiyar kalma, hotonsa ya daskare, ya ɓace. Wannan karon netwok ɗin ne da gaske. Malam ya jira, ya ce, “Bismillah.” Falmata ta yi sauri ta buɗe wa wata ɗaliba da ta ɗaga hannu, Hasana. Muryarta tana isowa a makare. Ta ja, Malam ya fara fassara, sai ga sauran jan nata ya faɗo a kan maganarsa. Ya tsaya, ita ma ta tsaya. Suka sake farawa tare. Malam ya haɗe gira, ya kai hannu kunne.

“Ban ji ba. A sake.”

Hasana ta sake, rabin ya iso, rabin ya maƙale a hanya. Falmata ta ga zaren yana neman kuɓuce masa, ga shi an ci minti ashirin kacal. Ta dubi Abubakar, ko zai zo ya ja. Ya girgiza kai da sauri, ya nuna ƙirjinsa, ya sake girgizawa. Ba ta tsaya wani tunani ba. Ta rufe makirfon Hasana, ta rarrafa ta zagaye kamara, ta durƙusa a gefen buzun, inda ɗalibai suke durƙusawa. Ta ɗauki warƙa ta biyu daga gafaka. Tun tana yarinya ta iya rubutun nan a allo, amma ba ta taɓa zama a wannan wuri ba, ba a kuma taɓa cewa ta zauna ba.

Ta ja daga inda aka tsaya. Muryarta ta fito siririya.

Malam ya juyo da kai. Yana kallon wajenta, ita kuma idonta a kan takarda.

“Ɗaga murya,” ya ce. “Na nesa ma su ji.”

Ta ɗaga. Ya fassara. Ta ja, ya bayar, ta ja, ya bayar. Sannu a hankali ta koma jin tafiyar karatun kawai. Wani wuri ya tsaya ya kawo misali da cinikin kasuwar Kurmi, wani wuri ya ce nan malaminsa ya saɓa wa mai littafin, ga kuma hujjarsa. Ta manta da kwamiti.

A tsakiyar warƙa ta uku ta ja kalma uku, ba ta ji komai ba. Ta jira. Shiru. Sai yanzu ta tuna da sauran dokar zaure: in ɗalibi ya ja Malam ya ƙi karɓa, to ɗalibin ne ya karkace, ana ba shi dama ya gano da kansa. Ta bi layin da yatsa tana neman inda ta yi tuntuɓe, ba ta gani ba.

“A gafarce ni, Malam,” ta ce. Ta koma farkon layin ta sake jawowa a hankali, kalma bayan kalma.

“Yauwa,” ya ce, ya ɗora fassarar. Aka ci gaba.

Sha ɗaya saura minti goma aka buɗe tambayoyi. Hannu ya fi talatin. Huɗu kawai aka samu amsawa, na ƙarshensu Anas ne da netwok ya dawo masa, yana tambaya ko mako mai zuwa ma a bar shi ya ja. Malam ya ce wannan sai a tambayi masu makaranta. Ya shafa fatiha, Falmata ta kashe kamara.

Zauren ya koma yadda yake. Abubakar ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya durƙusa gaban mahaifinsu ya ce, “Allah ya ƙara lafiya, Baba.” Ya dubi ƙanwarsa kamar zai yi magana, sai ya ce rana ta yi, ya fita kasuwa. Tun daga lungu ake jin muryarsa yana gaisawa da mutane da ƙarfi.

Wayar Falmata ta yi ƙara. Dakta Mikail ne, muryarsa a sake. Ya ce kwamiti ya amince a ci gaba duk Talata har ƙarshen zango, daga nan a sake dubawa. Ya ce Farfesa Yusuf ya tambaya me ya sa aka ɓata minti biyu a farko, shi kuma ya ce masa ƙa'idar sashe ce ta jawo, za a gyara ta. Yana son amsar Malam kafin azahar don a sa a jadawali. Ta yi godiya ta ajiye. Farin ciki ya cika ta har ta rasa abin da za ta fara naɗewa.

“Falmata.”

“Na'am, Baba.” Ta matso ta cire masa makirfon.

“Wajen nan da kika maimaita.”

“Na yi kuskure, Baba. Na daɗe rabona da rubutun.”

“Ba ki yi kuskure ba. Daidai kika ja tun farko.” Yana mayar da warƙoƙin cikin gafaka yana daidaita bakinsu da yatsa. “Ni ne na duba ban tarar da komai ba. Layin da na karantar ya fi sau ɗari. Wayam, kamar an share allo. Da kika sake jawowa sai ya dawo.”

Makirfon yana hannunta, ta kasa ajiye shi.

“Yakan yi min haka tun ciwon nan,” ya ce. “Ya tafi, ya dawo. Wani lokaci ya daɗe. Ko mahaifiyarki ban faɗa wa ba.”

Farin cikin ya zube mata gaba ɗaya, tsoron safe ya dawo ya zauna a wurinsa, ya ma fi na safe nauyi. Ashe abin da yayanta yake gudu yana nan. Yau dai ya wuce ta gefensu ne kawai, akwai kuma Talata goma sha ɗaya a gaba.

“To Baba, bari in ce musu a dakata. Zan ce likita ne ya hana. Ba wanda zai ce komai, yau kowa ya gani da idonsa.”

“Su nawa kika ce?”

“Ɗari da talatin da bakwai.”

“Shekara biyu ina zaune a nan, ko mutum ɗaya bai buɗe littafi a gabana ba.” Ya ɗaure igiyar gafakar. “Ki ce musu na karɓa. Su riƙa ja daga can, kowa ya samu rabonsa, yaron nan mai wake ma a bar shi. Amma ke ki zauna nan inda kika zauna yau, da taki warƙar a hannu.”

“Baba, in ya daɗe fa? In na maimaita bai dawo ba?”

“Sai ki sake. Ɗalibi ba ya jin kunyar tuntuɓe, aikinsa ne.” Ya miƙo mata hannu ta taimaka masa ya tashi. Hannun ba nauyi. “Duk sa'ad da kika ji na yi shiru, ki yi kuskure.”

“To, Baba,” ta ce.

Ta raka shi har ƙofar cikin gida. Ta dawo ta zauna a tabarma, ta goge idonta da bakin hijabi, ta rubuta wa Dakta Mikail cewa Malam ya amince.